Telan da ya miƙar da daɓen banɗaki

Zauna ka ji, kai da waya ta sa kake ganin babu sana'ar da ta fi ƙarfinka. An yi wani tela, gwani ne na gaske, idan bakin riga ya karkata ko da ƙwayar gero ce sai ya farke ɗinkin. Matarsa na da tsohon ciki, aka aiko cewa uwarta za ta zo daga ƙauye ta yi mata wankan jego. To, banɗakin gidan abin kawar da kai ne: simintin ya tsattsage, gansakuka ta yi kore a gindin bango, daɓen kuma ya karkace, ya zurma wajen kusurwar da rariya take. Shi kuwa babu abin da yake gudu a duniya kamar surukarsa ta shiga wurin nan ta fito tana cewa a ranta, ashe nan aka kawo mini 'ya. Aljihu ba nauyi, ga ragon suna a gaba, ga itacen dafa ruwa. Kiran magini bai ma taso ba. Tambayar magini shawara kuwa, wadda ba a biya, ita ma ya ƙi, don kada a ji a unguwa cewa ga abin da ya gagare shi. Ya kalli yadda ake yi a waya, ya ce ashe shi ke nan abin. Ya sayo ragowar tayil a wani kango da aka gama, ya roƙi yashi, ya ɗauko siminti a bayan babur, ya ari cokalin gini ya ce wai tukunyar fure zai liƙe. Da ya tsuguna ya dubi daɓen, karkatar nan ce ta fara tsaya masa a rai. Ya zagi maginin da ya yi ta tun fari, ya kira shi makaho maci amana. Ya ɗaura zare daga bango zuwa bango, ya sa tef ɗinsa na awon riga, ya cike gangaren nan tas. Ɗan kwaɓin da ya rage, don kada a yi asara, ya ƙara shi a kusurwar rariya. Matar ta leƙo tana dafe da ƙugu, ta ce, “Malam, to ruwan ta ina zai bi?” Ya ce mata ta je ta ji da tukunyarta. Aiki dai ya yi kyau, ba ƙarya, layi ya miƙe kamar ɗinkin Sallah. Ya hana a taka sai baƙuwa ta zo, aka riƙa kewayawa gidan maƙwabta.

Aka haihu lafiya, tsohuwa ta iso da ƙullin kayanta. Da safe ta dafa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ta shiga fyaɗa wa mai jego. Ruwa ba ya duba kyau, inda ya ga ƙasa nan yake bi. Ya nemi rariya ya tarar ta hau tudu, sai ya taru ya rufe musu idon sawu, sannan ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fito tsakar gida da ganye da kumfa, ya shige ƙarƙashin tabarmar 'yan barka, takalman mata suka kama iyo. Telan na zaure yana karɓar gaisuwa ya ji dariyar da ake dannewa, irin wadda ta fi zagi ciwo. Kuma ka san tsakanin mutum da surukarsa ba a doguwar magana. Da ta yi masa faɗa ma da ya samu sauƙi. Safe da yamma sai ya jiyo ƙarar tsintsiya, tsohuwa mai ciwon baya ta duƙa tana tura ruwan zafi sama zuwa rariya, yana dawo mata. Ya daina cin abinci a gida, ya riƙa fita sumumu kamar ɗan haya. Ana gobe suna santsi ya kwashe tsohuwar, ta zauna daɓas a cikin ruwan. Allah ya kiyaye ba karaya. Ta tashi tana ɗingishi, ta kafa zana a bayan ɗaki, a kan turɓaya, ta mai da wankan can, inda duk wanda ya shigo zai gani ya tambayi dalili. Abin da kawai ta ce wa 'yarta, da muryar da ta san za ta kai zaure, shi ne, “Ki yi wa maigidan godiya, wurin ya yi kyau. A bar shi saboda baƙi.”

Wannan godiya ita ta ƙarasa shi. Bayan suna ya ari guduma, wannan karon bai yi ƙaryar tukunyar fure ba. Ya farfasa aikinsa da hannunsa, yana kwashe ɓaraguzai a buhu kansa a ƙasa, tsohuwa na gefe tana jijjiga jikanta, ba ta ko dube shi ba. Da ya kankare ya kai ga tsohon daɓen, mummunan nan mai tsaga da karkata, sai ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a bakin ƙofa. Ruwan ya gangara salin-alin ya shige rariya. Karkatar da ya zaga, ita ce aikin. Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce garin neman gira an rasa ido.