Ƙofar Baya

Ranar da maƙiya suka shigo birninmu na cikin duwatsu, 'yata ta riƙe mini riga.

"Baba, ta ina za mu fita?"

Shekara bakwai da suka wuce, wani annabi daga ƙasar Yahudiya ya tsaya a kasuwarmu, ya ce girman kai ya ruɗe mu, Ubangiji zai sauko da mu. Muka yi masa dariya. Sarki ya ce matsorata ne ke bar wa kansu ƙofar baya, a toshe tamu don annabin ya gani.

Ni aka ba aikin.

Duk da haka, da 'yata ta tambaya, can na kai ta. Ta yi ta shafa katangar tana neman tsaga.

"Baba, babu ko ɗaya."

Ban taɓa yin gini mai kyau kamar wannan ba.