Fitilar Baƙin Mai

Shekara guda ke nan Farfesa ba ya gaisawa da mai facin da ke maƙwabtaka da garejinsa, duk a kan sukundireba ɗaya. Ɗan ƙarami ne mai jan mariƙi. Yayansa ne ya saya masa ranar da ya gama koyon gyaran wayar mota, har ya ƙona masa harafin sunansa a jiki da ƙusa mai zafi. Bara sukundireban ya ɓace, lokacin da aiki ya yi ƙaranci, Farfesa yana zagaya filin dillalan motoci yana ɗan taɓa duk aikin da ya samu. Amma shi ba mai yar da kaya ba ne, in ji shi. Saboda haka mai faci ne ya sace.

Ba a banza ake ce masa Farfesa ba. Kai dai ka kawo mota da fitila ɗaya a kunne a dashbod, sai ka sha karatu kafin a taɓa maka ita. In ja ce, ka tsaya nan take. In rawaya ce, ka lallaɓo da ita gareji. Zai jona na'urarsa ya karanto ciwon kamar likita, sannan ya kwashe rabin awa yana tsine wa mahautan da ke cire ƙwan fitila su ce sun gyara.

Ranar Talata da hantsi aka jawo motar Yaya da igiya. Wata huɗu kacal da sayenta. Filinsa ɗaya tilo ya sayar ya saye ta, sabon fenti tana ƙyalli, don ya yi haya ya ciyar da yara shida. Yanzu injin ya buga, ko tari ba ya yi. Ranar sayen sau uku Yaya ya kira ƙaninsa ya zo ya duba masa, amma Farfesa yana tsakiyar lacca.

"Yaya, ai mota ba ta mutuwa ba sallama," in ji Farfesa, ya ɗaga murya don na gefe su ƙaru. "Fitilar baƙin mai, jar nan mai kama da buta, sai da ta gaji da kiranka. Ko ka ɗauka ado aka yi maka?"

"Wallahi ba ta taɓa kamawa ina tafiya ba," in ji Yaya, murya a dushe. "Yadda ka koya mini haka na gwada. Na murɗa makulli duk suka kama, na tayar duk suka mutu."

Farfesa ya yi murmushin masana. Ya murɗa makulli, fitilu suka kama. Ya zagaya gaban mota, ya zare wayar da ke kai wa fitilar mai kama da buta labari daga inji. Ya kamata ta mutu. Tana nan jawur.

Nan ya miƙe ya tafa hannu. Mai walda ya ajiye aiki, mai fenti ya matso, har mai faci ya leƙo daga nesa.

"Ku zo ku ga ta'addanci! Wannan ya fi ƙarfin masu cire ƙwai. Famfon man ya daɗe da gajiya, sai wani la'ananne ya yanke wayar fitilar ya haɗa ta da ta batir. Ka murɗa makulli su kama tare, ka tayar su mutu tare. Ko ɗigon mai babu a injin, ba za ta ce uffan ba."

Bayani ya fito tsaf, ba gargada. Kowa ya jinjina kai, lallai ilimi ya yi rana.

"Hannun kowa na sani a sana'ar nan," ya ci gaba. "In na buɗe, murɗin wayar kaɗai zai gaya mini sunansa. Ni da kaina zan ja shi gaban hukuma. Ɗan'uwana za a kassara ina raye?"

Idon Yaya ya ciko. Tun safe ake ce masa sakarai, sai yanzu wani ya tsaya masa, kuma jininsa ne.

Farfesa ya durƙusa ya fara kwance dashbod. Akwai wani noti ɓoyayye da ke wahalar da kowa, hannunsa ya tafi kansa kai tsaye. A bakin ƙofa, inda fenti bai kai ba, tsohon launin motar ya leƙo, shuɗi. To, shuɗayen motoci ai suna da yawa a duniya. Ya haska tocila ciki. Aikin ya yi kyau, abin haushi: an murɗa, an naɗe, ba ko zare a waje. Gumi ya fara tsattsafo masa duk da inuwar rumfa.

"Ka gane hannun?" in ji Yaya.

"Bari dai in jawo shi haske."

Ya fizgo dashbod ɗin. Wani abu da ya daɗe maƙale a baya ya faɗo, ya gangara ta ƙofa, ya tsaya daidai ƙafar Yaya. Yaya ya sunkuya ya ɗauka, ya goge ƙurar da bakin rigarsa, ya daɗe yana kallon jan mariƙin da harafin da shi da kansa ya ƙona.

"Ƙanena, ga sukundirebanka," in ji shi. "Ashe ba mai faci ba ne."