Ƙararrawar Kyanwata

Maƙwabcina ya ɗora karensa a kan teburin asibitina na dabbobi, ya kasa haɗa ido da ni. Shi ne ya bi gida-gida yana rantsuwa cewa kyanwata ce ke yawo da korona. Bayan kwana uku na tsince ta a gindin katangarsa, bakinta duk kumfa, 'yar ƙararrawarta tana wuya.

"Likita, tari yake ta yi. Ki rufa mini asiri."

Da sakamakon gwaji ya fito, na ce masa, "Korona ce. Zai warke. Amma a jikin mutum ya ɗauka, kuma kai kaɗai kake ba shi abinci. Na sanar da jami'an lafiya. Kwana goma sha huɗu, kai da shi, ƙofa a kulle."

Na ɗaura wa karen ƙararrawar, na ƙulle ta tamau.

"Kada ka cire. Da ita zan riƙa jin ko yana motsi."

Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina jin ƙararta safe da yamma, na kuma san yana ji.