Mai Walda da Hannun Ƙarfe

Kai da ka ce ko a mafarki ba ka son ganin mutum-mutumi a wurin aikinka, gyara zama ka ji. Ni labarin nan har yau in na tuna shi sai na ji kamar in tashi in taka rawa da furfurata.

An yi wani mai walda a wata masana'antar kujerun makaranta, shekara talatin yana haɗa ƙafafun ƙarfe. Da jin ƙarar wuta ya san ko ƙarfe ya kama ko zai ɓule. Kwatsam hannunsa na dama ya soma rawa. In mai kamfani ya shigo sai ya cusa shi a aljihu, don ya san ranar da aka gane, ranar zai ajiye gilashin walda ya koma gida. Ana cikin haka aka kawo mutum-mutumi biyu. Kada ka zaci masu kai da ƙafa ne, hannuwa ne kawai na ƙarfe. Babban an kewaye shi da keji, yana ɗaga damin ƙarfen da ƙarti shida ba sa motsawa, kuma ba mai kusantarsa in yana aiki, don bai san ɗan kowa ba. Ƙaramin kuwa a kan teburi aka kafa shi cikin ma'aikata, ko gogarsa ka yi sai ya tsaya cak. Shi aka ba walda. Tsohon mai waldar nan ya ce a ransa magajinsa ya iso.

Wani injiniya ya zauna da kwamfuta ya tsara wa ƙaramin injin layin walda ɗaya miƙaƙƙe, ba tsayawa. Amma bututun kujera ba shi da kauri, wuta ta cinye shi. Kujerar farko ta ɓule, ta goma ma ta ɓule. Tsohon yana gefe, ƙarar tana sukar kunnensa, har haƙurinsa ya ƙare. Ya ce a kashe wutar. A gaban mai kamfani ya zaro hannun nan daga aljihu, kowa yana ganin rawarsa, ya ɗora shi a kan na ƙarfe, yadda ubangidansa ya taɓa kama nasa yana sabon shiga. Ashe irin wannan inji haka ma ake koya masa, ka kama shi ka bi da shi, ya haddace! Ya bi da shi a hankali: taɓa, ɗaga, bar ƙarfe ya sha iska, sake taɓawa. Injiniya ya share a kwamfuta 'yan karkace-karkacen da rawar ta bari, ya danna maɓalli. Kai, zo ka ga walda! Ta jeru tsaf kamar kitso, aikin tsohon ne sak, irin na lokacin da yake ji da ƙarfi. Wani ƙato ya haye kujerar ya yi ta tsalle, ko gezau. Wuri ya kaure da sowa, tsoho yana dariya yana share hawaye. Mai kamfani ya dubi hannun da ke rawa, ya ce, "Baba, gobe tebura za mu fara, kuma kai za ka koya masa."

To ka ji. Injin hannunsa ba ya rawa amma bai san ƙarar wuta ba, tsohon ya san ta amma hannu ya gaza masa, sai ga shi su biyun sun cika makarantu da kujeru. Ai tun kafin a san lantarki Bahaushe ya gama magana: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.