Mai Jiran Kakar Motoci

Ka ce ba za ka saya yanzu ba, jira za ka yi sai farashi ya sauko. Ban hana ka ba, kuɗinka ne. Amma zauna in ba ka misalin wani ɗan kasuwar hatsi.

Mutumin nan ya yi shekara talatin yana bin kasuwannin ƙauye, yana saro gero da masara yana kawowa birni. Yana da wata tsohuwar mota mai shan mai kamar raƙumi ya samu tafki, amma da ita yake sammako ya riga kowa isa, kuma a sana'ar hatsi wanda ya fara zuwa shi ke zaɓen buhu. Da fetur ya yi tsada, sai ya ga ribarsa duk a gidan mai take ƙarewa. A lokacin ne motoci masu aiki da lantarki suka fara shigowa garin. Maƙwabcinsa, wani malamin asibiti, ya sayi ɗaya, yana jona ta a gida da wutar sola, ya daina sanin hanyar gidan mai. Abin ya shiga ran ɗan hatsi ƙwarai. Ya sayar wa bakaniken unguwarsu tsohuwar motar, ya haɗa da ribar shekara, ya nufi wurin dillalin motoci. Kuɗin sun isa, har da 'yar rara. Sai dai shi tunda yake bai taɓa sayen abu a farashin farko ba, ko allura ce. Ya taya, dillali ya ce albarka. Ya ɗan ƙara, aka sake cewa albarka. Sai ya yi abin da ya saba yi wa manoma: ya kakkaɓe riga, ya juya, ya riƙa tafiya sannu-sannu yana kasa kunne ya ji an ce ya dawo. Har ya kai bakin titi ba wanda ya kira shi, dillalin ma tuni ya koma kan wani mai saye.

Bai damu ba, domin a ganinsa ya san kasuwa ciki da bai. Duk abin da ya hau da damina, da kaka sai ya sauko, haka ya gani tun yana yaro. Ya ce wa matarsa, "Bari kaka ta yi, da kansu za su neme ni." Ta ce, "Alhaji, ita motar shuka ta ake yi?" Ya yi dariya ya ce mata ba ta san ciniki ba. Kaka ta zo, gero ya karye, masara ta karye, ya saka babbar riga ya koma wurin dillali da fara'arsa. Ya tarar mota ta ƙara kuɗi. Dillali ya ce kuɗin ƙasashen waje sun tashi, kuɗin fito sun tashi, ga shi kowa ya gudo daga fetur ya yo nan. Masu saye da ya tarar a wurin ba wanda ya ji daɗi, amma kowa ya san inda ya dosa. Wani ya rage buri ya ɗauki ƙarama, wasu 'yan'uwa biyu suka haɗa hannu suka sayi ɗaya, da yawa kuma suka ce Allah ya sa alheri, suka koma gyara tsofaffin motocinsu. Shi fa ba tsohuwar da zai koma wa, kuma ɗaukar ƙarama a wurinsa faɗuwa ce. Ya ce tsadar nan ta ƙarya ce, ya sake juyawa.

To, dole ya koma bin motar haya, ka kuwa san motar haya ba ta tashi sai ta cika. Kafin ya isa kasuwar ƙauye rana ta take, manoman da suka saba ajiye masa kaya sun gaji da jira sun sayar wa wasu, sai ragowa mai tsakuwa da ƙwari yake tararwa. Masu sayen hatsinsa a birni suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin motar kuwa ga su a ajiye, yau a gutsura don cefane, gobe don makarantar yara. Da kaka ta biyu ta zagayo, ko rabin farashin ba su kai ba. Nan ya ga in bai samu abin hawa ba sana'ar ce za ta mutu. Ya zagaya gari, ya rasa motar da kuɗinsa za su saya sai guda ɗaya: tasa ta dā, wadda bakanike ya yi ta jigilar siminti da ita har sai da igiya ake ɗaure ƙofarta. Bakanike ya faɗi kuɗin da suka fi waɗanda ya saye ta da su. Ɗan hatsi ya taya, aka ce albarka. Ran nan bai kakkaɓe riga ba, bai juya ba, ya sunkuyar da kai ya biya.

Ni da idona na gan shi a layin gidan mai cikin wannan motar, gumi na zuba, malamin asibiti ya wuce a tasa ba ko ƙara, ya ɗaga masa hannu. Ya ba ni tausayi, don ba wawa ba ne, wayon hatsi ne ya kai inda ba a shuka. Dā ma Hausawa sun ce, garin neman ƙiba akan samo rama.