Burtalin Da Ya Tayar Da Muntaka

Shekarar da masu yanka filoti suka iso ƙauyenmu, nan bayan Ungogo, Muntaka ne ya fara sayar da gonarsa. Ya gina gidan bulo, ya shafe tsakar gida da siminti, ya sa aka sare tsamiyar mahaifinsa wai ganyenta yana ɓata masa daɓe. Daga nan ya ce shi da tafiyar ƙasa sun rabu. Mutumin da ya tsufa a bayan garma, sai ga shi ko masallacin Juma'a sai an kira masa Adaidaita Sahu. A ganinsa, manomin da Allah ya hutar, idan aka gan shi yana takawa za a ce arzikin ya ƙare.

Ni da nake ba ku labarin nan na girme shi nesa ba kusa ba. Na ga fari, na ga ƙyanda, na ga shekarar da muka ci dusa, kuma har gobe ina zuwa kasuwar Gezawa a ƙafa in dawo ban nemi wurin jingina ba. Ban yi boko ba, amma na san abin da yake riƙe jiki.

Ku 'yan birni, bari in gaya muku abin da ake kira burtali. Hanya ce da kakanninmu suka bari tsakanin gonaki don shanu su wuce ba su shiga amfanin kowa ba. Ba a nomanta, ba a sare bishiyar da take bakinta. Da gonaki suka koma gidaje, ita kaɗai ta tsira, don ba ta da mai ita balle ya sayar. Ga gawo, ga ɗorawa, ga darbejiya, inuwa ta haɗe sama. Da safe baƙin ma'aikata suna gudu a ciki alhali babu abin da ya koro su. Da yamma mata da tsofaffi su fito, yara su kafa ƙwallo.

Kulu, matar Muntaka, ta sha roƙonsa ya fita ya sha iska. Ya ce burtali na dabbobi ne da waɗanda ba su da fanka.

Ya yi ƙiba, wuya ya cika, ana ta ce masa hutu ya karɓe shi. Wata rana da bazara yana alwalar azahar, buta ta suɓuce masa, ya kife a kanta. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya daɗe yana cin sa. Aka ba shi magani, aka ce kullum ya taka a inuwa, inda akwai iska, in ba haka ba ƙafar za ta sandare.

Inuwa kuwa babu ita a gidansa, siminti sai huci kamar tanda. Fita kuma kunya ta hana: waɗanda ya yi wa dariya za su gan shi yana jan ƙafa. Kulu ta zo gidana tana share hawaye, na ɗauki hulata na bi ta.

Na ce, "Muntaka, gidan nan ka gina don zama, ko kabari ka gina mai taga?"

Ya ce, "Yaya Fatihu, mutane za su kalle ni."

Na ce, "Ranar da jakinka ya kayar da kai a tsakiyar kasuwa ba su kalle ka ba? Tashi."

Muka fara, Kulu a hagunsa, sanda a hannun dama, ni ina gaba ina tsokanarsa. Da farko daga bakin burtali sai mu juya. Sannu a hankali ya kai gindin babban gawo. Babu wanda ya yi masa dariya, sai gaisuwa da addu'a. Barci ya dawo masa, abinci ya fara shiga.

Wata yamma ya zauna a saiwar gawon, ya ce yau kam sai dai a ɗauke shi. Kulu ta tafi da sandar tana kakkaɓo wa yara ɗorawa. Sai ga garken shanu ya kunno kai, ƙahonni sun cika hanya. Manomi kuwa jikinsa ya san doka: in shanu sun taho, a ba su wuri. Muntaka ya miƙe da kansa, ya taka har bakin shinge, ya tsaya. Sai da garken ya wuce ya duba hannunsa ya ga babu sanda.

Kulu ta ce, "Alhaji, ashe saniya kake jin maganarta, ba ni ba."

Muka yi dariya har da hawaye, shi ma da karkataccen bakinsa. Hannun hagun bai dawo ba har yau, amma ƙafar ta dawo, da ita yake zuwa ko'ina.

Jama'a, in gari ya cinye gonakinku, ku tsare filin da ya rage da bishiyoyinsa, kuma ku shiga ku taka kullum. Zama wuri ɗaya ba hutu ba ne, ciwo ne yake taruwa.