Kujerar Aro

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, Auta ce hannunsa, ita ce ƙafarsa. Wankau take yi a gidajen mutane, abin da take samu kuwa ba ya isar ci da magani lokaci guda. In ta sayo masa ƙwayar hawan jini, ranar tukunya ta huta.

Sai aka ji ofishin jin daɗin jama'a zai ɗauki nauyin maganin tsofaffi marasa ƙarfi, amma sai ma'aikaciyarsu ta bi gida-gida ta gani da idonta. Auta ta yi murna, har sai da ta tsaya ta ƙare wa ɗakin nasu kallo. Tabarma ta yage, ga bokiti a inda rufi ke yoyo, tsohon zanin da ke ƙofa ya koɗe. Kunya ta rufe ta. Ita yadda aka tarbiyyantar da ita, ba a barin baƙo ya ga tsiraicin gida.

Ta shiga wurin maƙwabciyarta, matar tela, ta aro kujera da darduma da labule. Matar tela ta ƙara mata da fanka tana tsokanarta, wai ko surukai ne za su zo aka ɓoye mata. Auta ta wanke Baba tas, ta shafa masa mai, ta sa masa rigar tela da ta aro. Ɗan abin da ta ajiye na magani ma lemon kwalba ta sayo da shi.

Ma'aikaciya ta zo, ta zauna a kujera, fanka na kaɗa ta.

"Baba, ya jiki? Ana samun magani kuwa?"

"Alhamdu lillahi, 'yata. Yarinyar nan ba ta rage ni da komai ba."

Ta juya ta tambayi Auta ko akwai abin da ya fi ƙarfinsu. Maganar ta zo wa Auta har baki, amma yaya za ta ce ba su da abinci a gaban mahaifinta? Ta sunkuyar da kai ta ce sun gode Allah.

Ma'aikaciyar ba muguwa ba ce, gidaje ne da yawa ke jiranta. Ta yaba tsaftar ɗakin, ta yi sallama. Ko madafa ba ta leƙa ba.

Da Auta ta ji shiru, ta bi sawu ofis. Aka ce mata gidansu na cikin masu rufin asiri, gurbi kuma ya cika, sai wani zagayen.

"Wallahi duk kayan nan na aro ne," in ji Auta.

"Baiwar Allah, mu abin da muka gani da shi muka yi aiki."

Magani ya yanke, aiki ya yi ƙaranci. Wata safiya ta kai wa Baba ruwan wanke fuska, ta tarar da bakinsa ya karkace, yana kallonta hawaye na zuba. A asibiti aka ce jinin ne ya sake hawa. Kafin yamma rai ya yi halinsa.

Jama'a, rashi ba abin kunya ba ne, in mai taimako ya zo a gaya masa gaskiya. Ku kuma ma'aikata, ku sani wanda ya fi buƙata sau da yawa shi ya fi iya ɓoyewa, kada ku tsaya a bakin labule.